Yaro na Huɗu Bai Fito Ba

Ban taɓa son koyarwa ba, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar ina so ba. Da na gama difloma a fannin kwamfuta a Kazaure, shekara guda na yi ina yawo da takarduna cikin ambulan har gefensa ya yi baƙi da gumin hannu. Daga ƙarshe wani mai shagon koyar da kwamfuta a bayan tasha ya ɗauke ni, ba don ya ga ƙwazona ba, sai don wanda ke wurin kafin ni ya gudu Kano. Ɗaki ne ɗaya dogo, kwamfuta tara, uku a cikinsu sai an ɗan mare su a gefe suke farkawa. Janareta na bayan taga, hayaƙinsa na shigo mana duk lokacin da iska ta juyo. A nan nake koya wa 'yan sakandare buga wasiƙa, ina jin haushinsu suna jin tsorona, kowa ya san matsayinsa.

A dogon hutun daminar shekarata ta biyu a shagon, wata ƙungiya ta turo mana malaman firamare goma sha biyu daga Roni da Gwiwa da Babura. Mako shida za su yi. Abin da ake so su koya shi ne ɗan rubutun umarnin da ke sa shafin intanet ya yi aiki da kansa, wanda mu muke ce wa kod: a zuba masa sunayen yara da makinsu, shi kuma ya fitar da wanda ya ci da wanda ya faɗi. A ƙarshe a yi musu jarrabawa, wanda ya haye a ba shi takardar shaida.

Ranar farko ina goge allo na ji sallama a bayana, kafin in juyo cikina ya riga ya gane muryar. Malaminmu ne na lissafi a aji huɗu a Gwiwa. Ya tsufa, gemun ya yi fari, ya ɗan rankwafa ta gefe ɗaya, amma hular nan tana zaune a goshi yadda na san ta. Ya ƙura mini ido, sai fuskarsa ta washe.

"Kai ne ɗan mai awon hatsi na kasuwar Gwiwa? Ma sha Allah!" Ya juya ga na kusa da shi. "Yaron kirki ne wannan. Ni na koya masa lissafi."

Ga yadda ya koya mini. A ajinsa, in za a biya jadawalin sau, kan benci ake ɗora ka. Kana kakarewa zai harɗe hannu a baya ya ce, "Koma farko." In ka kakare sau uku a wuri ɗaya, sai ya jefa wa aji tambayar, wanda ya amsa shi zai mare ka. Ni a bakwai sau takwas na maƙale. Wadda ta ce hamsin da shida ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tare aka sa mu makaranta don ta fi ni kai. Ya ce ta yi mini mari uku. Na farko ta shafa kumatuna kawai, ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Tana kuka ta mare ni, ajin na ƙirgawa da ƙarfi. Har na bar garin zuwa sakandare ba a kirana da komai a filin ƙwallo sai wanda ƙanwarsa ta mara. Yau ga mutumin a gabana yana ce mini yaron kirki. Ba ɓoyewa yake ba, ya manta ne tsaf, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

A hutun cin abinci na ji sauran labarinsa daga bakin malaman, don malamai ba sa iya riƙe zance. Shekara biyar ke nan da aka tura shi wata makarantar ƙauye gaba da Babura, dab da iyaka, inda ko ƙosai za ka saya sai an tambaye ka naira ce ko sefa. Iyalinsa na Roni. Ran Lahadi da rana yake ɗaure garin tuwo a bayan babur ya kama hanya, ya kwana biyar a ɗakin ajiyar kujerun makarantar, ran Juma'a ya dawo. Hanyar ta cinye masa baya, likita ya hana shi doguwar tafiya a babur, ga shi shekara uku suka rage masa ya yi ritaya. An yi masa alkawarin kujera a wani ofishi a Roni, tafiyar ƙafa daga gidansa, aikin kula da irin wannan shafi na sakamakon yara. Shi ne babba a cikin masu nema, don haka kujerar tasa ce, da sharaɗi ɗaya tak: ya kawo takardar shaidar nan. Ni kuwa ni ke sa hannu a takardar. Ranar har miyar mai abincin tasha, wadda kullum nake zagi, sai da ta yi mini daɗi.

Na fara musu da mazubi, don da shi ake farawa. Na ce ku ɗauka mudu ne ka liƙa masa suna, yau ka zuba gero, gobe ka juye ka zuba dawa. Sunan na nan, abin ciki ne ke canzawa. Ɗan mai awo ne ni, a nan misalina ya tsaya. Daga nan muka shiga sharaɗi: idan makin yaro ya kai arba'in a rubuta ya ci, in ba haka ba a rubuta ya faɗi. Sai jeri, wato ka jera sunayen yara a wuri ɗaya, makinsu a wani. Yara uku na ƙirƙira musu, da su muka yi ta aiki har ƙarshen horon. Matasan cikinsu, waɗanda suka saba latse-latsen waya, sukan ɓata da gangan su gyara, suna dariyar jan rubutun da ke fitowa in an yi kuskure. Haka ake koyon abin nan, babu wata hanya.

Malam bai yi haka ba. Littafi ya sayo mai bangon kwali, ya ja layi da rula, ya kwafe duk abin da ke allo da rubutun nan nasa mai kyau, haruffa da baƙin biro, alamomin baka da waƙafi da ja. Sannan ya zauna ya haddace. Mutum ne da ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, ya haddace jadawalin lissafi ya sa ɗaruruwan yara suka haddace da bulala. Duk abin da ya sani a duniya ta wannan ƙofar ya shigo masa, to don me wannan zai bambanta? Da safe kafin a tayar da janareta za ka gan shi a bencin waje yana rangaji, leɓensa na motsi: buɗe baka, rufe baka, waƙafi. Da yatsa biyu yake bugawa, a hankali, amma abin da ya buga daidai yake fita. Sauran malaman har yaba masa suke. "Gemu ba ya hana neman ilimi," in ji su, ni kuma in gyaɗa kai kamar na kirki.

Tun a mako na biyu na gano inda raminsa yake. Wata rana harafi ɗaya ya zame masa, shafin ya fito fari fat. Da yaro ne, da ya leƙa jan rubutun ya ga layin da aka yi tuntuɓe ya gyara. Shi kuwa sai ya danne maɓallin gogewa har ya share komai, ya yi bisimilla, ya faro daga sama. Ai haka ake yi wa hadda, in ta kakare ba a gyara ta daga tsakiya, kan sura ake komawa. Ina tsaye a bayansa ina kallo. Minti ɗaya ya ishe ni in nuna masa cewa kowane layi aikinsa daban, ana iya taɓa ɗaya a bar sauran. Na wuce wajen na gaba da shi.

Ranar da na koyar da zagaye, an kwana ana ruwa, wani rafi ya tare hanyar Roni. A kan zagaye aikin duka ya dogara. Shi ne ka ce wa kwamfuta ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, in ƙirgen ya kai adadin da ka yanka mata ta tsaya. Layi ɗaya ne a allo, da lambar uku a tsakiyarsa, don yaranmu uku ne. Na yi bayani sau biyu, kowa ya gwada. Sai wajen sha biyu Malam ya shigo, laka har gwiwar wando, yana ba da haƙuri. Wata matashiyar malama daga Babura ta ce, "Malam, ko za a ɗan maimaita wa Baba?" Na ce mai ya kusa ƙarewa a janareta. Rabin tanki ne a ciki, ni na zuba da hannuna. Na bar masa allon ya kwafa, ya kwafa da biro biyu, washegari ya zo da layin a ka, bai san abin da ukun ke yi a wurin ba.

Kullum in na gama darasi nakan ce, "Akwai mai tambaya?" idona a kansa. Na san ba zai yi ba. Uku daga cikin malaman nan ta ajinsa suka bi. Dattijo ya ɗaga hannu a gaban 'ya'yan cikinsa ya ce bai gane ba, kuma ga wanda ya taɓa ɗorawa a benci? Ya gwammace ya haɗiye. Abin da yake yi shi ne, in an tashi ya yi ta shirya jaka, ya fitar da littafi ya mayar, ya goge tabarau, yana jira ɗakin ya watse. Ni kuma da na ga saura mutum biyu sai in kara waya a kunne in fice ina cewa na'am, ina ji, alhali wayar ko caji babu. Sau huɗu muka yi wannan wasan, ina hango shi ta taga yana tsaye shi kaɗai tsakanin kwamfutoci.

Da ya ga haka sai ya bi hanyar da manya ke bi, ya tafi kamun ƙafa. Ranar kasuwar Gwiwa ya hau babur ɗin nan da bayansa mai ciwo, ya tarar da mahaifina a rumfarsa, ya ajiye masa goro. Ran Juma'a aka aiko in je gida. Bayan an sauko daga masallaci babana ya kira ni zaure.

"Malaminka ya zo har rumfa," ya ce. "Bai ce ka ba shi abin da bai ci ba. Cewa ya yi akwai wurin da ya shige masa duhu, yana so ku zauna ku biyu."

"Baba, ai kullum sai na ce ko akwai mai tambaya."

"Kai ma ka san ba zai tambaya a gaban yara ba. Sa'ana ne fa. Kai za ka je inda yake."

Na sunkuyar da kai na ba shi labarin benci da marin nan, abin da ban taɓa faɗa masa ba. Na zaci zai yi shiru. Dariya ya yi har goro na fita daga bakinsa.

"Marin ƙanwarka? To ai ita ma ta manta, tana can Yankwashi da 'ya'ya huɗu. Mu da aka yi wa dukan kawo wuƙa a makarantar allo, wa muka rama wa?" Ya share baki, ya ɗaure fuska. "Ka ji abin da na ce maka."

"To, Baba."

Irin to ɗin nan ne da ɗa ke ce wa ubansa, ya tashi ya yi abin da ya ga dama. Dariyar ta fi marin zafi. Kafin ɗan acaɓa ya sauke ni a Kazaure na gama tsara abin da zan yi.

Ran Litinin Malam ya tare ni a ƙofa da wata sabuwar fuska, ta wanda ya san an isar da saƙonsa. "An je gida lafiya? Ya Alhaji?" Na russuna na ce, "Allah gafarta Malam, kada ka dami kanka. Abin da muka yi a allo shi zai fito, yara ukun nan ne dai." Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya yi mini albarka. Ba ƙarya na yi masa ba, rabin zancen ne na riƙe a aljihu. Daga ranar ya daina jira bayan an tashi, ya koma bencinsa yana ƙara ƙarfin hadda.

Ranar jarrabawa ƙungiyar ta turo mutum biyu, wata Hajiya mai tabarau da wani saurayi mai riƙe da takardar maki. Muka haɗa kwamfuta ɗaya da majigi, duk abin da aka buga yana fita a bango kowa na gani. Ƙa'idar ni na kafa ta: minti ashirin, ka rubuta kod ɗin, ka sa ya yi aiki, sannan in ce ka gyara abu ɗaya. Sauran na ba su masu sauƙi. Wannan ya canza sunan yaro, wancan ya mayar da arba'in hamsin. Wanda ya rikice in ce, "Duba sama kaɗan," har ya gano. Malam na ajiye shi ƙarshe, na ce girmamawa ce, alhali so nake kowa ya gama fargabar kansa ya samu sukunin kallo.

Ya zauna, ya gyara hula, ya yi bisimilla. Layi goma sha biyar ya zubo daga ka, bai leƙa littafi ba, bai goge ko harafi ba. Ya latsa, yara uku suka fito a bango, biyu sun ci, ɗaya ya faɗi. Ɗakin ya ɗauki tafi. Hajiya ta ce, "Ma sha Allah, Baba ko takarda bai duba ba!" Saurayin ya riga ya ɗora biro a gaban sunansa. Da na yi shiru na ƙiftawar ido biyu, da zancen ya ƙare a nan, don kowa ya gaji, ana son tafiya salla.

"Allah gafarta Malam," na ce, "an kawo sabon yaro aji, makinsa sittin. A saka mana shi."

Ya yi murmushi. Ya gangara jerin sunaye ya ƙara suna, ya je jerin maki ya ƙara sittin, har da waƙafin a inda ya dace. Ban zaci zai kai nan ba. Ya latsa. Yara uku suka fito, na huɗu babu shi. Ya sake latsawa, uku dai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ga lambar ukun can a layin zagaye, majigi ya ƙara mata girma ta kai tafin hannu, rabin ɗakin na kallonta. Wani matashi ya yi gyaran murya, na watsa masa harara, ya haɗiye sauran.

Sai Malam ya yi abin da na san zai yi. Ya ɗauka haddar ce ta zame, ya danne maɓallin gogewa, layukan suka riƙa ɓacewa daga bango tun daga ƙasa har sama. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, Baba!" Bai ji ta ba. Ya faro daga sama, yanzu kam ana jin muryarsa ƙasa-ƙasa, buɗe baka, rufe baka, waƙafi. Ya saka yaro na huɗu tun a hanya, ya zo layin zagaye ya buga uku yadda ya haddace. Ya latsa. Uku suka fito.

Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Ya juyo ya dube ni, bakinsa ya buɗe kaɗan. Ban san me zai ce ba, wataƙila a ƙarshe ya yarda ya tambaya a gaban kowa. Ban jira na ji ba. Na harɗe hannu a baya, na ɗauko muryarsa ta aji huɗu na ce, "Koma farko."

Tsofaffin ɗalibansa uku su suka fara fashewa da dariya, ba da niyya ba, dariyar ce ta ƙwace musu, sauran suka kama. Hajiya ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ko a ɗan haska masa?" Na ce, "Hajiya, in na haska masa na zalunci sauran." Ta koma mazauninta, don maganar ta yi kama da adalci.

Ya koma farkon kuwa. Sai dai yanzu haddar ta fara warwarewa, ya tsallake layi ya dawo, ya buga baka inda babu baka. Yana layi na tara na dubi agogo na ce lokaci ya cika. Ya miƙe a hawa biyu saboda bayan, ya daidaita hula, ya dubi ɗakin gaba ɗaya ya ce, "Na gode." Muna ji yana ta buga wa babur ƙafa a waje, ya daɗe kafin ya tashi.

Na ji daɗi. Ina faɗa ne ƙarara don kada wani mai kirki ya nema mini uzuri. Shekara goma sha bakwai ina ɗauke da abin nan a rai, ranar ya sauka. Na rubuta bai ci ba a gaban sunansa da rubutu mai kyau, na sa hannu, na je tasha na ci tsire. Mutum goma sha ɗaya suka karɓi takarda, biyu a cikinsu ba su kai shi sani ba, ni na ja su da hannu har suka haye. Kujerar Roni ta tafi ga wani matashi mai ƙafafu lafiyayyu. Da na je gida Baba ya amsa gaisuwata yana fuskantar buhuna, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban kawo zancen ba.

Bayan kaka, wata Lahadi, na shiga motar haya zuwa Babura in duba wa wani ɗan kasuwa kwamfutarsa. Mun ɗan bar Kazaure taya ta yi faci, direba ya lallaɓa zuwa wajen wani mai faci a bakin titi. Fasinjoji suka watse neman ruwan alwala don la'asar ta yi. Ina sauka na gan shi a gindin darbejiya, zaune a kan ƙullin garin tuwo, bargo a naɗe a gefe, babur ɗinsa a tsaye ba tayar baya. Na yi niyyar zagayawa bayan mota, ya riga ya gan ni.

"Malam," ya ce da ni, "barka da yamma."

Na ƙarasa na durƙusa, ƙafa ce ta saba. Ya tambayi Alhaji, ya tambayi aiki, na amsa ina kallon takalmina. Sai ya waiga dama ya waiga hagu. Ba kowa sai mai faci, shi ma yana can yana fama da tayarmu.

"Ina da tambaya," ya ce.

Ya rufe ido ya fara biyo kod ɗin daga sama, layi bayan layi, wata uku bayan jarrabawa ko waƙafi bai zube ba. Da ya zo layin zagaye na ce, "Tsaya nan, Allah gafarta Malam. Ukun da ka faɗa yanzu, yawan yaran ne. Kwamfuta na binsu tana ƙirgawa, in ta kai uku ta tsaya, don haka aka ce mata. Yaronka na huɗu yana nan a jeri daidai, ba a dai ce ta kai kansa ba."

Ya buɗe ido.

"Huɗu zan mayar da shi ke nan."

"Huɗu."

"In ajina sittin ne, in sa sittin."

"Haka ne."

Ya murza gemu. "To ai wannan wahala ce, kullum aka kawo yaro sai an je an canza lamba. Ba a iya ce mata ta ƙirga jerin da kanta, ta san inda za ta tsaya?"

"Ana iyawa," na ce.

Darasin gaba ke nan, wanda ba mu kai ba. A cikin goma sha ɗayan da na ba takarda babu wanda ya taɓa kawo wannan tunanin. Na faɗa masa kalmar da ake sawa a madadin lambar, ya maimaita sau biyu ya gyaɗa kai. Duka zancen bai kai lokacin da mai faci ya ɗauka yana hura tayarmu ba.

Ya dube ni sosai, babu fushi a fuskarsa, da irin muryar da yake faɗin maki a ƙarshen zango ya ce, "Ashe ka iya koyarwa."

Direbanmu ya danna ham, fasinjoji suka fara shiga. Mai faci ya ɗaura wa Malam tayarsa, ya taya shi ɗaure garin da roba. Sau biyu Malam ya ɗaga ƙafa kafin ta haye sirdin. Muka bar shi ya riga mu tashi, don ana jiran wata mata da ba ta idar da salla ba.

Mun cim masa kafin mu yi nisa. Yana tafe a gefen titi a hankali, ya karkace ta ɓangaren da ba ya ciwo, in ya ga rami ya ɗan ɗaga jikinsa daga sirdi. Ina zaune ta wajen taga, ban ɗaga masa hannu ba. Shekara ukun nan duka a kan wannan hanyar ya yi su.